Yayata da Injin Awon Zuciya

A shekarar dogon yajin aiki ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Dapaong. Lantarki ya daina zuwa, sai injin wuta muke tayarwa. Da an kunna shi, layin da na'urar awon zuciya ke zanawa sai ya cika da ƙananan tsalle-tsalle, kamar kaza ta yi tono a takardar.

Aka kawo mana wani dattijo mai fataucin shanu daga Gando, yana yawan suma. Hannunsa na rawa, wannan ya ƙara dagula layin. Likitanmu ya duba ya sake dubawa, ya ce ba zai ba da magani a kan zato ba.

Yayata tana koyar da ilimin lantarki a jami'a. Da aka rufe makarantu ta dawo gidanmu na Didaouré a Sokodé tana zaman jira. Na aika mata saƙo ta bakin wani direba. Ban sa rai ba, don hanya cike take da shingen sojoji. Sai ga ta ta sauko daga motar doya, kwamfuta a naɗe cikin zane a cinyarta. Ta ce a kowane shinge sai da ta kwance ta nuna.

Ta haɗa kwamfutar da na'urarmu. Gwajin farko layin ya yi sumul, na yi murna.

"Kar ki yi murna, ƙanwata," ta ce. "Na goge datti, na haɗa da bugun zuciyar. Dubi, ƙololuwar da kowane bugu ke yi a layin ta kwanta."

Ta sake dabara. Maimakon ta gauraya maki, wato lambobin da kwamfutar ke karantowa daga layin, ta raba daidai, sai ta jera kowane maki da maƙwabtansa daga ƙarami zuwa babba, ta ɗauki na tsakiya. Tsallen banza ba ya samun tsakiya, sai ya faɗi. Ta yi ta rage yawan maƙwabtan tana ƙarawa har ƙololuwar ta tsaya da tsininta.

Ta juya wurin dattijon. "Baba, a ƙara haƙuri, a saki hannu."

Likita ya sa yatsa a wani gibi tsakanin bugu biyu, ya ce, "Ga abin da ke sumar da shi nan." Ya ba da magani a ranar.

Dattijon ya samu sauƙi. Ya so ya ba ta maraƙi, ta yi dariya ta ce ɗakinta na birni a bene yake. Ta zauna ta koya mini aikin har hannuna ya faɗa, sannan ta koma Sokodé.