Ranar da Yaya Ummaru Ya Daina Ja Mini Sallah

Shekara tara ke nan da rasuwar Yayana, Alhaji Ummaru, kuma har yau akwai tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita: da fushina ya bar duniya, ko girmama ni ya yi ban gane ba? Mutanen kasuwar Illela sun san shi da zannuwa da hijabai da kayan yara, waɗanda 'yan Ƙonni kan tsallako iyaka su sara. Ni kuwa uba na sani. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ya ɗauko ni daga Amarawa, ya sa ni boko, ya koya mini alwala da hannunsa. Tun da na yi wayo, in dai mu biyu ne ko iyalin gida, shi ke gaba a sallah, ni ina bin sa.

Da kasuwa ta buɗe masa, sai ya ce ya gaji da sari a Kano, zai je Indonesiya inda ake ɗinka kayan. Lokacin makarantar da nake koyarwa tana hutu, ya tafi da ni tafinta, wai Turancin da aka ɗura mini ya yi rana. A babban birninsu ba mu taɓa neman rana ba. Gine-gine sun tare sama, hadari kullum, masallaci kuma ko'ina. Mu dai mu shiga sahu mu bi liman. Daga baya aka ce masana'antar da muke nema tana wani tsibiri, jirgin ruwa ake kwana a ciki kafin a kai. Muka isa garin da jirgin ke tashi da hantsi, aka ce sai yamma, muka tafi bakin teku mu wuni.

Babban ruwan da Yaya ya sani shi ne tafkin Kalmalo da damina. Ya naɗe wando, ya shiga har ƙwauri, ya kamfaci ruwan ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce duk yawansa ba ya kashe ƙishirwa, ba ya shayar da albasa, to amfaninsa me ne? Da ya ga mata suna wanka a ciki da hijabansu, sai ya washe baki, ya ce a garin nan hijabi ba zai yi ƙarko ba, mai shago ya huta. Muka ci gasasshen kifi, muka sha ruwan kwakwa. Rabon da in ga Yaya yana dariya irin ta ranar har na manta.

Da lokacin sallah ya yi, ya dubi rana, ya dubi inuwarsa, ya ja layi a kan rairayi da ɗan yatsan ƙafa, ya fuskanci gabas kamar yadda muke yi a gida. Teku ta koma bayanmu. Muna sallamewa mai gasa kifin ya zo yana ta nuna mana ruwa da hannu biyu. Na ce wa Yaya wai alƙibla tana can. Ya yi dariya ya ce, "Ruwa za mu yi ma sallah?" Ni ma na yi dariyar, amma sai taswirar da ke bangon ajina ta faɗo mini a rai. Makka tana tsakanin inda muke zaune da gida.

Na ce, "Yaya, ina jin mun wuce Makka. Ta koma wajen yamma."

Ya ce, "Mi kac ce? Wa kaj ji ya wuce Makka? Ubanmu gabas yad duba, matattunmu gabas anka kwantar da su. Kai dai Bello, kai da taswirarka!"

Jirgin ya fi ƙarfin misali. Manyan motoci ne a cikinsa, mutane kuma sun baje tabarmi a sama kamar tashar mota ranar kasuwa. Muna barin gaɓa aka kira magariba, jama'a suka yi sahu suna kallon inda rana ta faɗa. Yaya ya shimfiɗa dardumarsa ya ba su baya, ya tsaya yana jira in zo hannun damansa. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemo ka ɗaura. An kuma ce bin na gaba bin Allah. Ban san wanne zan kama ba. Na tsaya tsakani, kaina ya ɗaure, har aka yi kabbara, sai na ga ƙafafuna sun kai ni cikin sahu. Ina jin muryarsa a bayana yana karatu shi kaɗai.

Bayan nan ya naɗe dardumarsa ya koma gefe. Amma da jirgin ya fara tangaɗi, na yi ta amai, shi ya riƙe mini goshi, ya ɓantaro goro ya sa mini a baki, ya lulluɓe ni da babbar rigarsa. Da asuba ya taɓa ƙafata ya ce, "Tashi. Shiga gaba." Jirgin ya sha kwana tsakanin tsibirai, ni kaina ban san gabas ba balle yamma. Sai da na tambayi wani ma'aikacin jirgi ya nuna mini. Yaya ya tsaya ya bi ni har na sallame.

Na ɗauka in mun dawo gida magana ta ƙare, tun da a Illela ba a gardamar gabas. Ashe ba ta ƙare ba. A shago, a zaure, a gona, da an tada iƙama sai ya ja da baya ya ce, "Malam, bisimilla." Da Bello yake kira na, daga ranar na zama Malam. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni na tambayi tasa har na gaji, ba ta ce mini komai ba. Sau ɗaya na cire kunya na tambaye shi da baki. Ya ce, "Wanda yas san hanya shi ka shiga gaba," ya ci gaba da awon yadi. Har yau ban san ko yabo ne ko gatse ba.

Waɗanda na tambaya ma ƙara rikita ni suka yi. Matarsa, Hajiya Saude, ta ce daren da muka dawo ya rama sallolin da ya yi can yana kallon gabas, kuma yakan ba ta labarin yana yi wa kansa dariya. Amininsa na kasuwa kuwa ya ce ko sau ɗaya bai ji ya ambaci teku ba, in an tada zancen ma sai ya tashi. Abin da na sani shi ne bai sake komawa ƙasar ba, sai dai ya aika.

Nakan ce da zai leƙo yau, me zai ce? 'Ya'yansa da ke riƙe da shagon ba su taɓa ganin teku ba, ta waya suke zaɓen kaya a aiko musu. Wayar ce kuma ke nuna musu alƙibla da 'yar kibiya. Kwanan baya babban ɗansa ya ajiye ta a zauren gidan, ya ce layin da muke tsayawa a kai tun zamanin Yaya ya ɗan karkace, sai mun ƙara juyawa arewa. Ni da na taɓa tsayawa da taswira, sai na ji raina ya ɓaci, na ce a bar mana layinmu. Yaron ya mayar da wayar aljihu, ya bi ni. Da na sallame na rasa wanda na zama a cikinmu, ni ko Yaya. Ko zai ce yaron ya yi daidai, ko zai ce taswirata ce ta shiga aljihu, wallahi ban sani ba.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa a ido. Shagon ya sake fenti, abokan cinikinsa na Ƙonni rabi sun bi shi, iyakar ma yau a buɗe gobe a rufe. Abin da bai gushe ba shi ne wurin da ya tura ni ya ƙi karɓa. Har yau ni ke jan sallah a gidansa, kuma har yau nauyin wurin nake ji, kamar wanda ya ari rigar da ta fi shi.

Ciwonsa bai daɗe ba. Da aka fito da shi, ga limamin unguwa a tsaye, sai Hajiya Saude ta aiko daga cikin gida cewa ya bar wasiyya ni zan sallace shi. Na ce a raina ko wannan ce amsar, sai kuma na ce ko dai bai yarda ya sauke mini ba ne har ƙarshe. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. A sallar jana'iza, gaban liman ake ajiye mamaci. Tun daga jirgin nan, ranar ce kaɗai Yaya ya yarda ya koma gabana, kuma ranar babu halin in tambaye shi.