Sistar da Ta Hana a Kulle Auta

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin, Sista ta riga ta iso. Sai ta buɗe tagogin ɗakin duba masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta janyo kujerarta daga bayan tebur ta ajiye kusa da ta marar lafiya, don ita ba ta magana da yaro tebur na tsakaninsu. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ba wanda ya taɓa ba ta lambar yabo, ni kuwa ban ga dalilin da zan jira sai ta mutu kafin in yabe ta ba.

Abokan aikinta Gobe-da-nisa suke kiranta, don amsar da take bai wa duk iyayen da suka ce, "Bari mu gani zuwa gobe," ke nan. In matashi ya fara jin muryar da ba wanda ke ji, ko ya fara zargin ana bibiyarsa, a wurinta da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Ba labari aka ba ni ba. Auta, 'yar yayata, tana koyon ɗinki sai barci ya ƙaurace mata. Ta ce rediyon shago da ita yake magana, ta lulluɓe madubi da zane. Ubanta ya share ɗakin baya, ya sayo kwaɗo, wai kada maƙwabta su ji. Ni da uwarta muka kai ta asibiti, ya biyo mu yana huci.

"Sista, ki ba mu magani mu tafi," in ji shi. "In maganar nan ta fita, wa zai sake kawo mata ɗinki? Rufin asiri muke nema."

"Baban Auta, rufin asiri daban, rufin ɗaki daban. Da ƙafa ta karye, kwaɗo za ka saya mata?"

"Mutane za su ce mahaukaciya ce."

"Su zo su faɗa a gabana! Ni yarinya na gani ba ta da lafiya, kuma ciwon yana jin magani, balle da kuka zo da wuri."

Sannan ta juya ga Auta, wadda ke ƙanƙame da uwarta, ta ce, "'Yata, me kike ɗinkawa yanzu?" Daga nan hira ta ɓarke, har yarinyar ta faɗi abin da take ji da bakinta.

Sista, ke ce kika ga maganin farko yana sa hannunta rawa, kika koma wa likita kika ce Auta tela ce, hannunta ne abincinta, har aka canza shi. Ke ce kika ji uwar ɗakinta mai shagon ta ɓoye almakasai tana shirin ba wata keken ɗinkinta, kika tashi daga aiki kika tafi shagon da yadinki a hannu, kika ce Auta za ta yanka.

"Sista, almakashi fa?" in ji uwar ɗakin, ido waje.

"To da haƙori za ta yanka?"

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, ciwon ya taɓa dawowa, mun sha kuka, kuma har yau Auta tana shan magani tana zuwa asibiti. Amma a shago take wuni, ba a ɗakin baya ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne 'ya'yan mutane da ke kulle yanzu haka, saboda tsoron bakin da ba ya ci da kowa.

Sista, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma iyaye da ma'aikatan da za su gaje ta, ku kawo yaran tun ciwon yana sabo, ku bar masu surutu su yi ta yi.

Makon jiya ina shagon wata mata ta shigo, ta ƙare wa Auta kallo, ta ce, "Ba ke ce aka ce kin taɓa...?"

Auta ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta. "Ni ce, Hajiya. Ɗaga hannu in auna ki."