Saniyar da Ta Kau da Kai

Wutar da nake tunawa ba ta girki ba ce. Ita ce wadda ake hura wa shanu da magariba don korar sauro, a rugarmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Shekarar babban fari, mahaifinmu ya kora 'yan shanun da suka rage ya yi kudu, amma ba a daina hura wutar ba. Mu yara muka gaje ta, tare da kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya. Ana ta labarin ƙasa ta samu arzikin fetur. Mu dai abin da ya iso mana dusa ce da ganyen tafasa.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa bayan ƙwarya ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce ta zauna nan. Ni take fara tsokana: "Sambo angona, matso da wannan tulun cikin naka." Ban san kumburin yunwa ba ne, sai in yi ta dariya.

Akwai wadda ta riƙa maimaita mana a shekarar har muka gaji da ita. Wai an yi fari, tafkuna suka ƙafe, sai ga wani baƙo da guga a bakin tsohuwar rijiya. Ya ce kowace saniya ta tsaya kusa da ɗan maraƙinta, zai ja musu ruwa. Duk suka tsaya. Amma akwai wata farar saniya mai asali, maraƙin nata ɗan fari ne, ga garke duka yana kallo. Sai ta kau da kai kamar ba ta san shi ba. Da duhu ya yi, babu mai ganinta, ta jawo shi bakin rijiya, ta tarar baƙo ya naɗe igiyarsa ya tafi. "Daga ranar," in ji Iya, "duk dajin nan ba a ƙara yin saniya mai kunyarta ba."

"Maraƙin fa, Iya?"

"Tatsuniyar ba ta faɗa ba. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Sai da na girma na lura cewa ba ta taɓa ba mu wannan tatsuniya ba sai bayan rasuwar yayana Hammadi.

Hammadi shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Kamar yadda aka saba a wajenmu, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, balle a gaban surukarta. A ɗakin Iya yake kwana. Ya yi ƙyanda a farkon farin, ya tashi, amma jikinsa bai koma ba. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura.

A lokacin ne 'yan mishan suka fara zuwa duk ranar kasuwa a cikin motarsu landirofa. Suna ajiye tukwane a gindin wata tsamiya, su dama kunu da madarar gari, kowane yaro ya sha a gabansu, ba a tafiya da shi gida. Babbarsu wata nas ce 'yar Filato, Malama Rifkatu, doguwa, mai saurin magana. An yi ta raɗe-raɗin madararsu tana juya wa yaro addini. Yunwa ce ta kashe maganar, muka tafi: ni, Inna, Iya da Hammadi.

Malama Rifkatu ta danna ƙafar Hammadi da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce wannan ya wuce kunu, sai an kwantar da shi a asibitinsu, yau ɗin nan. Amma ba sa ɗaukar yaro sai da uwarsa, don ita za ta yi jinya.

"Ina uwarsa?"

Inna tana tsaye riƙe da hannuna. Ta matse shi har na ji zafi. Ta dubi ƙasa.

"Baiwar Allah, ke ce?"

"Yaron gidanmu ne," in ji Inna.

Iya tana nan tsaye, ba ta ce uffan ba. Matan ruga da ke wurin duk sun sani, su ma babu wadda ta tanka, don a ganinsu Inna ta yi daidai. Malama Rifkatu ta ɗauka uwar tana gida. Ta ba shi kunu da hannunta, ta ce lallai a zo da uwarsa kasuwa mai zuwa. Bai kai ba.

Da suka dawo Malama Rifkatu ta tambayi labarinsa, wata mata ta yi mata bayani. Na ga ta zauna a ƙasa da farin kayanta, ta daɗe ba ta tashi ba. Daga nan ta daina tambayar ina uwar yaro a gaban jama'a, sai ta ja tsohuwar gida gefe. Bayan fari sun haƙa rijiya kusa da tsamiyar, har yau ana sha.

Ban yi kukan Hammadi ba. Na dai san tabarmar ɗakin Iya ta koma tawa. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan yabon kunya ce, don da yabon Iya take rufe ta. Daga baya na ce a'a, zargi ne, sai dai ban san wa take zargi ba, Inna ko kanta. Yanzu na tsufa, ba na jin haushin kowa, ba na kuma jin na yafe wa kowa. Wurin ya mutu kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Inna ta yi ciwon ajalinta a asibiti a Kazaure, ni nake jinyarta. Ta yi kwanaki ba ta magana. Wata yarinya nas ta zo duba ta, ta dube ni da furfurata ta ce, "Baba, kai ne ɗanta na fari?"

Kafin in buɗe baki Inna ta buɗe ido.

"A'a," ta ce. "Hammadi ne. Nawa ne."

Yarinyar ta tambaya ko za a kira shi ya zo. Na ce mata ya yi nisa. Na gyara wa Inna mayafi, na koma kan benci na zauna.