Nura ya zo mayar da ni gida

Ina tsugune ina wanke-wanke a gidan hayarmu na Gwallameji a Bauchi, sai ga sallamar ɗana Nura. Daga Azare ya taso, ko waya bai yi ba.

Ya leƙa ɗakina, ya ga katifa a ƙasa da ɗan risho, ga 'yan matan ajinmu suna ta shewa a tsakar gida. Na ga idonsa ya kaɗa.

"Umma, tattara kayanki mu tafi. Abokaina har tsiya suke min, wai uwata tana haya cikin ɗalibai. Ga shi kin faɗi kwas. Ai kin gwada."

Na ɗauraye hannuna na ce, "Da ka faɗi lissafi a sakandare, cire ka na yi?"

Sai ya ɗauki jarkokina ya tafi ɗebo min ruwa.

Da la'asar ya hau Keke Napep zuwa tasha, ni kuma na wuce lacca. Tun ina goyonsa na ajiye karatun nan. In sha Allahu ba zan bar Bauchi ba sai da digirina.

Ku da kuka koma aji da furfura, me 'ya'yanku suka ce muku?