Harafin Da Malama Zulai Ta Ƙi Gyarawa

Wata rana da hantsi, Malama Zulai ta ɗora sabuwar waƙa a shafinta na intanet.

Marubuciya ce, littattafanta huɗu a kasuwa, ga waƙoƙi. Shekara ashirin ta yi tana koyarwa, jan biro ba ya barin jakarta. Ko saƙon gaisuwa ne, sai ta karanta sau biyu kafin ta tura.

Waƙar a kan tsohuwar kukar da ke gidan mahaifinta ce. Bishiyar ce ma ke magana a ciki:

"Na daɗe a gidan nan, kowa ya saba da ni.
Ana wucewa ta gabana, ba a ɗaga kai."

Ta sa mata suna Kukar Gidanmu, ta tura, ta shiga kicin.

Da ta dawo, sharhi ya haura ɗari. Ashe wayar ta canza mata harafi ɗaya. Abin da ya fita shi ne Kukan Gidanmu.

Wani ya rubuta: "Malama, wa ya taɓa mana ke?"

Wata tsohuwar ɗalibarta ta ce: "Yau dai a ara mini jan biron nan."

Kunya ta rufe ta. Ta kai yatsa za ta goge waƙar gaba ɗaya, sai saƙo ya shigo daga wata Barira, mai ɗinki a Funtuwa, wadda ba ta taɓa sani ba.

"Anti, don Allah ba ni minti biyu in kira ki."

Malama Zulai ba ta saba ba baƙo lambarta ba. Ranar dai ta bayar.

Da kiran ya shigo, muryar a sanyaye take. Barira ta ce mijinta ya rasu wata bakwai da suka wuce. Ta fita takaba, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, har 'yan gidan sun daina tambayarta me ya sa idonta ya yi ja. Ta ce tun da ta ga waƙar take maimaita baitin nan biyu a gaban keken ɗinki, ta kasa taka shi.

Malama Zulai ba ta iya karɓar yabon da ba nata ba.

"Ƙanwata, Allah ya ji ƙansa. Amma gaskiya kuskure ne. Bishiya nake nufi, yanzu ma zan cire."

"Na gane bishiya ce, Anti, na ga suna ta tsokanarki. Taku kukar tana da masu tunawa da ita. Nawa kukan, yau ne aka fara kiran sunansa. Ki bar mini shi."

Malama Zulai ta ajiye wayar a cinya, ta daɗe tana kallon harafin.

Ba ta goge ba. Ba ta gyara ba. Masu dariya suka yi kwana biyu suka gaji.

Duk Juma'a kuma sai ta kira Funtuwa. Wani lokaci a yi kuka, wani lokaci a yi hirar tsadar atamfa.

Bayan shekara, waƙar ta shiga littafi. Mai duba rubutu ya zagaye harafin da ja, ya sa alamar tambaya.

Ta ɗauki nata biron ta rubuta a gefe: "A bar shi. Yana da mai shi."

Darasi: Abin da ka rubuta, da zarar ya bar hannunka, ba ka san gidan da zai kwana ba. Kafin ka goge don gudun dariyar mutum ɗari, saurari mutum ɗayan da bai yi dariya ba.

Idan akwai wanda aka daina zuwa yi wa gaisuwa a cikin mutanenka, tura masa wannan. In ka tura, ka kira shi.