Dogon Kurmi a Cikin Kwantena

Abdul-Mumuni ɗan zango ne daga yammacin Gana. Yana saurayi ya yi aiki a wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai siririn dogo, wanda kamfanin katako ya shimfiɗa cikin kurmi don jawo gungume zuwa injin yanka. Shi ke riƙe birki a taragon baya. Da manyan motoci suka ƙwace aikin sai aka kashe jirgin, ciyawa ta haɗiye dogon, ma'aikata suka watse. Ya yi dako a Kumasi, ya yi a Tema, har ya tsinci kansa a wani siton tsofaffin ƙarafa a Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, gemu duk furfura.

Wata rana da hantsi aka buɗe kwantena daga Takoradi ta Gana, aka ce ya shiga ya ɗaura sarƙa. Warin ruɓaɓɓen ganye ne ya fara tarbarsa. Da idonsa ya saba da duhu, sai ya ga sirāran ƙarafan dogo an yayyanka, jar laka ta bushe a jikinsu. Gabansa ya faɗi. Irin na tsohon jirginsu ne sak. Ya durƙusa zai shafa ɗaya, sai abin da ya ɗauka tarin ganye ne ya motsa, ya yi huci.

Maciji ne, kauri kamar damtse, kansa faffaɗa. Ya san shi. Irinsa ne ya sari mai zuba wa jirginsu itace, kafin su fito daga kurmi mutumin ya cika.

"Baba, yalla, yi sauri mana," in ji Bashar, Bakanon da ke tuƙa motar ɗaga kaya, daga bakin ƙofa.

Abdul-Mumuni ya tsaya cak. Gumi na shiga masa ido, bai isa ya share ba.

"Kashe injin," ya ce a hankali. "Kada ka shigo."

Ya ja da baya da gwiwa, kaɗan-kaɗan, yana salati a zuci, har zafin rana ya taɓa bayansa. Bashar ya turo ƙofa ya datse.

Masu kama dabbobi suka zo suka tafi da macijin. Abdul-Mumuni ya kwana biyu da zazzaɓi, da ya warke ya roƙa aka mayar da shi gadin get. Ƙarafan kuwa, aka wuce da su narkarwa.