Mai Buroshi da Hoton Babban Ɗansa

Haihuwa da karatu

An haifi mutumin da jama'a suka fi sani da Mai Buroshi a shekarar 1949, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin gidan haya da ke bayan kasuwa. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma, shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu. An sa shi makarantar firamare a 1956, kuma babu malamin da ya taɓa yi masa shaidar hazaƙa a lissafi. Abin da aka riƙe daga wannan zamani shi ne ranar da ya zana fuskar malamin lissafi da alli a bayan ƙofar aji, da ɗaurarriyar girarsa da komai. Malamin ya gane kansa nan take, ya yi masa bulala, sa'annan ya ba shi takarda ya umarce shi da ya sake zanawa domin ya kai wa matarsa.

Sana'a

A 1966 aka damƙa shi hannun wani mai rubuta allunan shaguna, inda ya koyi haɗa fenti da sarrafa buroshi, har ya buɗe nasa shagon na zanen fuskokin mutane a 1973 tsakanin shagon aski da kantin magani. Ƙa'idarsa ita ce ba ya kwaikwayon hoton kyamara. Yakan zaunar da mutum a gajeriyar kujera kusa da taga, ya ja shi da hira har ya manta ana kallonsa, sa'annan ya fara aiki. Launin bayan hoto kuwa shi ke zaɓa, ba ya shawara da kowa: ruwan ƙasa ga mai haƙuri, shuɗi mai duhu ga wanda ke ɗauke da rashi, ruwan ɗorawa ga mai sakin fuska. Yakan ce, "Hanci ai kowa na da shi. Abin da ke tsakanin gira da gira nake nema."

Wannan baiwa ta jawo masa suna, ta kuma jawo masa rigima. An ruwaito cewa wani attajiri ya dawo da hotonsa yana faɗa, wai duk baƙon da ya shiga falonsa sai ya ce rowa yake gani a bango. Mai Buroshi ya dubi hoton, ya dubi mai shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban ƙara komai ba."

Aure da iyali

Ya yi aure a 1975 da wata malamar makaranta, wadda kowa ke kira Malama, mace mai ƙarancin magana wadda ba ta taɓa yarda ta zauna masa a kujerar taga ba. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku: namiji da ake kira Babba, da mace da ake kira Yaya Ƙarama, sai Auta.

Hoton Babba

A 1995 Babba ya sami gurbin karatun likita a wani birni mai nisa, kuma mahaifinsa, cikin alfahari, ya zana shi kafin tafiya. Sai dai yaron ba ya son karatun, jini ma ba ya iya kallo, ya kuma kasa faɗa wa kowa. Idon Mai Buroshi ya ga wannan tsoro sarai, hannunsa ya fitar da shi yadda yake, a kan launin toka, ya rataye hoton a ƙofar shago. Masana sun ce bai taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Masu jiran aski kuwa suka mai da shi abin dariya, suna tambayar ko likitan ne wannan ko majinyacin.

Babba ya tafi da wannan takaici. Bayan shekara biyu ya bar karatun, ya kama gyaran agogo a can, ya daina zuwa gida, ba ya kuma magana da kowa a waya sai mahaifiyarsa. Mai Buroshi ya daɗe yana kare kansa da cewa gaskiya ya zana, har ranar da Malama ta gaji da ji. Ta ce, "Babu wanda ya ce ƙarya ka zana, Baban Babba. Ka ga tsoro a idon ɗanka, maimakon ka tambaye shi abin da ke damunsa sai ka tashi haɗa fenti." Washegari Mai Buroshi ya sauke hoton daga ƙofa, kuma maganar ta ci gaba da cinsa tsawon shekaru, domin kewar ɗansa ba ta ɓoyuwa ko ga mai aski.

Shekarun ƙarshe

Daga 2014 ganinsa ya soma raguwa, ya rage karɓar aiki, yana wuni a shago yana wanke buroshin da bai yi amfani da su ba. A farkon 2019, bisa roƙon mahaifiyarsa, Babba ya zo gida, da furfura a gemunsa. Bayan gaisuwa mai nauyi, shi da kansa ya je ya zauna a kujerar taga ya ce, "To Baba, ga ni. Sai ka zana abin da ka gani."

Tsohon ya jingina sabon allo, ya shafe shi da launin ɗorawa, ya matso dab da fuskar ɗansa saboda raunin ido. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ajiye buroshin a cikin gwangwani, ya jawo benci ya zauna, ya ce, "Babba, me ke damunka?" Auta, wadda ta kawo musu ruwa, ta shaida cewa yayanta ya sunkuyar da kai ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, sa'annan suka yi ta magana har rana ta bar tagar. Babba ya kwashe wata guda a gida, kullum suna shago tare, kuma ba a sake taɓa allon ba.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Mai Buroshi rasuwa a ƙarshen wannan shekara ta 2019, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in a duniya. An binne shi a maƙabartar garin haihuwarsa, kuma Babba ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Ya bar matarsa Malama da 'ya'ya uku: Yaya Ƙarama, ma'aikaciyar jinya, da Auta, mai ɗinki, da Babba, mai gyaran agogo, wanda da aka zo rabon zane-zanen marigayin bai nemi komai ba sai allon nan mai launin ɗorawa da babu fuska a jikinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.